Ki yi sharhin gidan, ki bar mai kisan

'Yar'uwa, kin ce kin gama karanta wani littafin binciken kisan kai da labarinsa ya gudana a tsohon gidan da aka mayar gidan tarihi, kina son yin sharhinsa amma kina tsoron tona wanda ya yi aika-aikar. Na taɓa faɗawa wannan ramin. Na rubuta "ku sa ido kan dattijuwar da ke riƙe da makullai", ina ganin na yi wayo. Ashe na gama ba da labari. Ƙawata tana shafi na 40 ta ajiye littafin, har yau tana min gori.

Yanzu daga inda aka tsinci gawar nake tsuke bakina, sai in koma kan gidan: yana aiki a labarin, ko ado ne kawai? Irin waɗannan gidaje suna da igiyar da ke hana baƙi shiga ɗaki, da rajistar sa hannu, da lokacin rufewa, da kundin da aka lissafa kowane cokali da madubi, ga masu aikin sa kai da ido ya saba da su har ya daina ganinsu. A littafin da na yi wa wancan sharhin, abin da ya fara ɗaga hankalin mai binciken shi ne wata 'yar da'ira marar ƙura a saman wata kanta, inda agogo ya yi shekara da shekaru yana zaune. A gidan da mutane ke kwana ba wanda zai kula, sai inda aka hana taɓa komai. Wannan shi ne abin yabawa, kuma za ki iya yaba shi ba tare da kin kama sunan kowa ba.

Sai ki auna ko marubucin ya yi wa mai karatu adalci. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika ɗan Ingila, ya fitar da ƙa'idoji 10 na irin wannan rubutu. Biyu sun shafe ki: a ambaci mai laifin tun farkon labari, kuma ɗakin ɓoye ko ɓoyayyiyar hanya kada ta wuce ɗaya. Marubuta kuwa in sun samu tsohon gida, ƙofar sirri ɗaya ba ta isarsu.

In kuma ya ɓata shafi 20 yana jero tarihin zuri'ar masu gidan alhali gawa na kwance a ƙasan bene, ki faɗa kai tsaye. Ni tsallakewa na yi, kuma haka na rubuta.