Me ya sa muke mayar da yashi a kan jirgin?

Jiya muna wanke kayan nutso ka ce mini: "Maigida, tunda teku tana ɗumama, guguwa kuma tana tone tsohon jirgin katakon nan da ya nutse duk shekara, me zai hana mu ɗaga shi gaba ɗaya mu huta, maimakon wahalar jera masa buhunan yashi?" Gajiya ta hana ni amsa maka a lokacin. Zauna, yarona, ka ji.

Ni ma haka na ɗauka ina kamarka. Na taɓa fito da wani guntun katako daga ƙasan ruwa, sumul kamar jiya aka fere shi, har sawun gizagon masassaƙi yana nan. Na ajiye shi a rana na koma nutso. Kafin kwana uku ya motse, ya tsattsage, ya murɗe, ba ka ce shi ba ne. Maigidana bai ce mini uffan ba, miƙo mini shi kawai ya yi. Katakon da ya shekara ɗaruruwa a ruwa ƙwayoyin cuta sun cinye naman cikinsa, ruwan da ya sha ne ke riƙe da siffarsa. Ruwan na fita, shi ke nan.

Saboda haka ɗaga jirgi bashi ne da jikokinka za su gada. Dubi jirgin ruwa Vasa na ƙasar Suwidin: ya nutse a 1628, aka ɗago shi a 1961, aka shekara 17 ana fesa masa PEG, wani sinadari mai kama da kaki da ke maye gurbin ruwan. An zaci an gama. A 2000 sai ga tabo-tabo a jikinsa, ashe farar wutar da katakon ya sha a ƙasan ruwa ta haɗu da ƙarfe da iska tana zama asid. Har yau ana jinyarsa. Mary Rose na Ingila ma an fito da shi a 1982, feshin bai ƙare ba sai 2013. Waɗannan fa ƙasashe ne masu abin hannu. Shi ya sa yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda ta shafi abin da ya kai shekara 100 a ƙarƙashin ruwa, ta ce adana shi inda yake shi ne zaɓi na farko.

Yashi kuwa ba ya neman albashi. In ya rufe katako da kauri, iskar oksijin ba ta kai wa gare shi, tsutsar jirgi kuma ba ta rayuwa inda babu iska. Ita ce garar teku. Sunan tsutsa dai aka laƙaba mata, amma 'yar ƙaramar dabba ce mai ɓawo biyu, da su take huda katako. Ka tuna guntayen icen da muka ɗaure kusa da jirgin bara? Daga waje ƴan ɗigo-ɗigo kawai za ka gani. Da muka tsaga ɗaya, cikinsa duk ramuka, kowanne da farin shafe kamar an yi masa farar ƙasa.

Amma tambayarka da gaskiya a cikinta, ba zan danne ta ba. A da mukan rufe jirgi mu juya baya shekara da shekaru. Yanzu ba hali. Abin da ya tsare jiragen Tekun Baltik, har da Vasa, shi ne sanyi da ƙarancin gishiri, tsutsar ba ta son su, kuma in ruwa ya ɗumama lokacin hayayyafarta yana ƙara tsawo. Guguwa mai ƙarfi takan kwashe yashin shekara ɗari a dare ɗaya. Ciyawar teku da saiwoyinta ke riƙe ƙasa tana mutuwa in zafi ya yi yawa. A koguna kuma ruwan ne ke gudu: farin 2022 ya fito da jiragen yaƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu a Kogin Danub, wajen Sabiya.

To, rufewa ta zama aikin kai-da-kawo. Turakun nan da muka kafa masu zane-zane, aikinsu su gaya mana yashi ya hau ko ya sauka. Raga muke shimfiɗawa saku-saku don igiyar ruwa ta tara yashi a ƙarƙashinta, dabarar da mutanen Holan suka ƙware a kai. Igwa da anka muna ɗaura musu dunƙulen zinki, ya ci tsatsar a madadinsu. Hotuna kuwa muna ɗaukar ɗaruruwa, kwamfuta ta haɗa su su ba da siffar wurin, ko da wata rana ya tafi.

Ranar da turakun suka nuna mini yashi yana tafiya fiye da yadda muke mayar da shi, shekara biyu ko uku a jere, ni da kaina zan ce a tona. Amma sai na ga tankunan ruwan daɗi da za a jiƙa kayan a ciki don gishiri ya fita, da mai jinyarsu, da kuɗin shekaru masu zuwa a ƙasa.

Gobe kai za ka karanta turakun gefen hagu. Ka rubuta lambar a allonka tun kana ƙasa, kada ka ce za ka riƙe ta a ka.