Zauren Tambaya: Gidan Ya Yi Mana, Amma Dillali Ya Ba Mu Kwana Uku

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne, shekara shida ke nan muna haya a Gwammaja, ciki da falo, ni da maiɗakina da yara biyu. Bana mai gidan ya ƙara mana kuɗi karo na uku. Na kwashi adashi, na sayar da gonar da na gada a ƙauye, ita kuma uwar yara ta sayar da sarƙarta da awarwaronta na gwal ta haɗa mini. Mun ga wani gida can bayan Ɗanbare, sabo fil, ɗaki biyu da falo, tayil har tsakar gida. Miliyan 16 aka sallama mana, muna da 14 a hannu. Takardar da aka nuna mana ta mai unguwa ce. Dillalin ya ce akwai wani Alhaji da ke nema, in ban biya cikin kwana uku ba gidan ya wuce ni. Shin in biya? Cikon miliyan biyun kuma in ci bashin banki?

Daga mai karatu a Gwammaja, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, ya raba ka da haya lafiya.

Wannan Alhajin da ke nema ni ma na san shi. Shi ne ya so ya riga ni gidan da na saya a 2009, kuma har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Saboda shi na biya kuɗi a gurguje cikin watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau, unguwa kamar an share. Da Agusta ta zo, wata asuba na sauko daga gado sai na ji ƙafata cikin ruwa. Ba ta ƙofa ya shigo ba, ta ƙarƙashin daɓe ya tsattsafo. Da gari ya waye wani dattijo maƙwabcina ya tsaya yana kallona ina kwasar ruwa da bokiti, ya ce, "Malam, ai nan kududdufi ne, nan muke kamun tarwaɗa muna yara." Da bola aka cike shi aka ɗora gini. Tambaya ɗaya da na yi wa dattijon nan kafin in biya, da ta ishe ni.

Don haka ka ce wa dillali kana son sati biyu. In gidan ya wuce, ba rabonka ba ne. Ka koma unguwar kai kaɗai, ba shi. Kada ka kalli gidan, ka kalli gidajen maƙwabta: gindin katangarsu ya yi baƙi ko yana ɓarɓashi? Sun ɗaga dandamalin ƙofa har sai an hau matakala? Akwai buhunan yashi a bakin lungu? Ka zauna wurin mai shayi, ka tambayi 'yan garuwa nawa suke sayar da jarka da rani, daga ina suke turo ta. Ka tambayi ɗan adaidaita sahu ko yana shiga layin da damina. Su ba su da la'ada a cinikin, gaskiya za su faɗa maka.

Sai takarda, wadda ita ce ainihin abin da kake saye. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma takardar mallaka da gwamnati ke bayarwa yawanci ta shekara 99 ce. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ta ce gwamnati ta san da filin ba. Wannan shi ne bambancin awon gwamnati da awon igiya. Ba zan ce maka kada ka sayi awon igiya ba, da yawanmu a cikinsa muke zaune, ni ma haka. Amma ka biya mai safiyo ya ɗauki awon wurin, a kai ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, a duba, a leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a ga ko gidan bai hau hanya ba, ko filin makaranta, ko maƙabarta, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Wanda ya ga rusau ɗin Kano na 2023 ya san katafila ba ta tambayar nawa ka kashe a tayil.

Ka kuma bi salsalar filin. Mai ginin daga wa ya saya, shi kuma daga wa? Filayen bayan gari da yawa gonakin gado ne aka yanka. In wani yaya ne ya sayar ƙannensa mata ba su sani ba, wata rana sammacin kotu zai same ka kana cin tuwo a tsakar gidanka. Ka nemi takardar rabon gadon, ka ga sa hannun magada. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, a gaban lauya da dagaci. Ko kafin alƙalami kada ka damƙa wa dillali. Hakkinsa la'ada ce, ku tsayar da ita tun kafin ciniki.

Ginin kansa, da alama irin na gina-ka-sayar ne. Ka tafi da maginin da ka yarda da shi ya karci bulo da ƙusa, ya leƙa cikin silin ya ga katako, ya auna tsakanin sokawe da rijiya. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Abin da ba ka ambata ba shi ne nisa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Ka zauna da biro ka lissafa zuwa da dawowarka makaranta na wata guda, ka haɗa da na yara. Ka je unguwar bayan isha'i ka ga yadda take, ka tambayi kanka in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, ina za a samu abin hawa.

Batun bashi kuwa, in kana cikin ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi don asusun gidaje na ƙasa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana ba da rance a kan kashi 6 cikin ɗari, har zuwa shekara 30. Sai dai ba a ba da shi a kan takardar mai unguwa, ga kuma maganar kuɗin ruwa da sai ka zauna da malaminka. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma cikakkiyar takarda za su nema. Ni dai shawarata, ka koma teburin ciniki. Mai gina-ka-sayar kuɗinsa yake so ya juya, in ya ga tsabar kuɗi zai sauko. In ya ƙi, ku rubuta cikon a biya sannu a hankali. Kuma kada ka zazzage aljihu tas, akwai la'ada, lauya, tankin ruwa, janyo wuta da motar kwasar kaya suna jiranka.

Na bar gwal ɗin ɗiyata, wato maiɗakinka, a ƙarshe da gangan. Ka ce ta "haɗa maka". Kyauta ce, rance ne, ko tarayya kuka yi a gidan? Ka tambaye ta a fili, kada kunya ta hana. Na ga matar da ta sayar da duk abin da iyayenta suka yi mata aka sayi gida da sunan miji, da ya rasu aka raba gida gado, ta tashi da tumuni kawai, domin babu shaidar ko sisinta. Ba mugunta mijin ya yi ba, rubutawa ce bai yi ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka. In rance ne ka rubuta adadin da lokacin biya. In tarayya ce, sunanta ya shiga takardar ciniki da kasonta, da shaidu biyu, ɗaya daga danginta. A yi kwafi biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a ƙasan akwatinta.