Baba Ya Ba Autan Amarya Fili Ya Bar Sauran 'Ya'ya: Ya Halatta a Ce Masa Azzalumi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mace ce daga unguwar Bolari a Gombe. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne, yana sayar da hatsi a Tudun Hatsi. Matansa biyu, mu 11 ne 'ya'yansa, 7 a ɗakinmu, 4 a ɗakin amarya. Abubuwa uku ne suka tayar da ƙura a gidanmu. Ya ɗauki nauyin karatun wani ƙanenmu na ɗakin amarya a jami'ar Kashere, alhali wasunmu a sakandare muka tsaya. Ya ba babban yayanmu, wanda muke ɗaki ɗaya, rumfa guda cikin rumfunansa. Sannan bara ya sayi fili a hanyar Dukku ya sa sunan autan amarya a takarda, yaro ɗan shekara 6, bai ba kowa irinsa ba. Da maganar filin ta fito sai Yaya ya rubuta a zauren WhatsApp na dangi cewa "Baba azzalumi ne". Baffanmu ya ce wannan ba zalunci ba ne, bambanci ne kawai, mutum da dukiyarsa, yatsun hannu ma ba daidai suke ba. Ƙanwata kuma ta ce son kai ne. Malam, wace kalma ce daidai a shari'a? Yaya ya yi laifi? Me ya kamata mu yi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya ke baiwar Allah, zan amsa miki gwargwadon abin da kika faɗa, domin ban ji ta bakin mahaifinku ba, kuma fatawa ba hukuncin alƙali ba ce. Abubuwan nan uku da kika haɗa wuri guda kowanne da hukuncinsa. Na karatu a asali ba laifi ba ne. Na rumfa yana buƙatar a duba. Na fili shi ne wanda ya saɓa wa umarnin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, na yin adalci tsakanin 'ya'ya. Duk da haka, abin da yayanku ya rubuta, a inda ya rubuta shi, bai halatta ba.

Baffanku da yayanku da ƙanwarki kowa ya riƙe kalmarsa, kuma kalmomin ba abu guda suke nufi ba. Bambanci abin da ido ke gani ne: wannan ya samu, wancan bai samu ba. Ba ya ɗauke da hukunci a karan kansa. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 71, shi ya fifita sashenmu a kan sashe a arziki. A rabon gado ya ba ɗa namiji rabon mata biyu, a Suratun Nisa'i aya ta 11. Da aka tambayi Annabi wa ya fi cancanta a kyautata masa, sau uku yana cewa uwa kafin ya ce uba. Duk bambanci ne, kuma duk adalci ne, domin adalci shi ne a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Wani lokaci hakan yana nufin a raba daidai wa daida, wani lokaci kuma raba daidai ɗin shi ne cutar. Zalunci kuwa malamai sun ce shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba, kuma a mu'amalar mutane yana nufin tauye haƙƙin da ya tabbata ga wani. Shi ya sa Annabi ya ce jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne: ga haƙƙi tabbatacce, ga ikon biya, ga hanawa.

A nan ne hujjar Baffa ta yi rauni. Gaskiya ne yatsun hannu ba daidai suke ba, amma wanda ya yi su haka shi ne Allah, kuma ba a tambayarsa abin da ya aikata. Uba kuwa bawa ne da aka ba umarni. Ba a ɗaukar rabon da Allah ya ƙaddara a mayar da shi lasisin rabon da mutum ya yi da hannunsa. Ina yawan jin masu hali suna jawo ayar arziki idan an yi musu maganar haƙƙin ma'aikatansu ko na iyalansu, kuma ba wurinta ke nan ba.

Ita kuma kalmar ƙanwarki, son kai, magana ce a kan abin da ke cikin zuciya, kuma ba wanda ya tsaga ƙirjin Baba ya gani. Ko da ma ya fi son yaron, ba a kama mutum da karkatar zuciya. Allah ya gaya wa maza a Suratun Nisa'i aya ta 129 cewa ba za su iya daidaita mata ba ko sun yi kwaɗayin hakan, malamai suka ce ana nufin a soyayya. Abin da ake tuhuma shi ne abin da ya fito daga zuciya ya sauka a hannu.

Kuɗin karatu yana cikin babin ciyarwa, ita kuwa ciyarwa buƙata take bi. In ɗa guda ya kwanta asibiti aka kashe masa kuɗi, ba a cewa sai an ƙirga irinsu an ba masu lafiya. Haka mai karatun jami'a da ɗan firamare. Abin da zan tambaye ki shi ne: waɗanda suka tsaya a sakandare, su suka ƙi ci gaba, ko ba su sami gurbi ba, ko kuwa sun samu, Baba yana da hali, ya hana? In na ƙarshen ne, to a nan an fifita wani ba da dalili ba, kuma sau da yawa 'ya'ya mata ne ake yi wa haka a gidajenmu, a ce ai aure za su yi. In ba haka ba ne, ku cire wannan daga lissafi.

Rumfa kuma, in Yaya ya yi shekaru yana tsaye a kanta, shi ne awo, shi ne bin motocin masara da wake daga ƙauyuka, ba albashi, to abin da aka ba shi ya fi kama da sallamar da 'yan kasuwa ke yi wa yaran shagonsu, kuma ba laifi in bai wuce ƙimar wahalarsa ba. In an ce ne ya zauna ya juya, rumfar tana nan a dukiyar Baba, ranar rabon gado za ta shiga lissafi. In kuwa kyauta ce tsagwaronta ba wani dalili, to hukuncinta da na filin ɗaya ne. Na lura a ɗakinku ba wanda ya kira wannan zalunci, sai da abin ya faɗa ɗaya ɗakin. Ya kamata Yaya ya tsaya a nan ya yi tunani.

Maganar fili ta taɓa faruwa a Madina kusan yadda kika kawo ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir cewa mahaifinsa ya yi masa kyauta, mahaifiyarsa Amratu 'yar Rawaha ta ce ba za ta yarda ba sai an sa Manzon Allah ya shaida. Da Bashir ya je, Annabi ya tambaye shi ko ya ba sauran 'ya'yansa irin wannan. Ya ce a'a. Sai ya ce: "Ku ji tsoron Allah, ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku." A wata ruwaya ya ce ba zai yi shaida a kan jauru ba, wato karkacewa daga adalci. A wata kuma ya tambaye shi ko zai so su zama daidai wajen yi masa biyayya, ya ce e, ya ce to kada ka yi. Bashir ya koma ya janye kyautar.

Malamai sun saɓa a kan nauyin wannan hani. Imamu Ahmad ya ce daidaitawa wajibi ce, fifitawa haramun. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa suna ganin makaruhi ne, kyautar kuma ta inganta. Daga cikin hujjojinsu akwai abin da ke cikin Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, cewa Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha kyautar wasaƙi 20 na dabino (wasaƙi wani babban ma'auni ne) daga gonarsa ta Gaba. A Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ce an karhanta mutum ya ba wani cikin 'ya'yansa dukiyarsa duka, amma wani yanki nata ya halatta. Wannan ita ce maganar da Baffa zai iya jingina da ita in ya san ta. Ni dai abin da na fi natsuwa da shi shi ne haramci idan babu dalili, domin lafazin hadisin ya yi ƙarfi, kuma duk wanda ya zauna zaman sulhun gado ya san irin 'yan ubancin da fili guda ke haifarwa, har jikoki su gaji gabar. Malikawa ma da suka ce makaruhi ba su yarda a yi da nufin cutar da sauran magada ba.

Na ce idan babu dalili, domin Ibnu Ƙudama, wanda Bahambale ne, wato mabiyin mazhabar Imamu Ahmad, ya kawo cewa ana iya keɓance ɗa guda saboda buƙata, ko naƙasa, ko makanta, ko yawan iyali, ko shagaltuwa da neman ilimi. Wataƙila Baba ya dubi shekarunsa ne ya ce manya na aurar da su, na yi wa mata kayan ɗaki, wannan ƙaramin kuwa ban san ko zan ga girmansa ba. Tunani ne da ya cancanci a saurara. Sai dai in shi ne dalilin, sauran ƙananan da ba a yi wa komai ba, na ɗakinku da na ɗakin amarya, su ma suna cikin wannan hali, me ya sa aka tsallake su?

Ki sani kuma a mazhabar Malik kyautar ta zauna. Uba yana riƙe wa ɗansa ƙarami abin da ya ba shi in abu ne sananne kamar fili, kuma riƙon nasa ya wadatar, musamman da aka rubuta aka kafa shaidu. Don haka kada ku ɗauka gaban alƙali za a warware ta cikin sauƙi. Amma mazhabar ta ba uba damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, muddin ɗan bai yi aure ko ya ci bashi saboda ita ba, kuma bai sauya ta ba. Yaro ɗan shekara 6 bai yi ko ɗaya ba. Ƙofar gyara a buɗe take ke nan.

Saura maganar Yaya. A hadisin Nu'umanu Annabi aikin ya siffanta, bai laƙaba wa Bashir suna ba. Bashir kuwa sahabi ne da ya halarci Badar. A Hausa idan an ce wane azzalumi ne, ana nufin halinsa ke nan, abin da aka san shi da shi. Mutumin da ya ciyar da 'ya'ya 11, ya yi kuskure a kyauta guda wadda manyan limamai uku ma ba su kai ta ga haramun ba, wannan suna ya fi ƙarfin laifinsa. Wanda ya ɗora wa mutum abin da ya fi laifinsa, shi ma ya ajiye abu ba a muhallinsa ba.

Za a ce ai Allah ya yi wa wanda aka zalunta izinin ya bayyana, a Suratun Nisa'i aya ta 148. Haka ne. Hindu 'yar Utba ta je wurin Annabi ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, kuma bai tsawata mata ba. Daga irin wannan ne Imamu Nawawi ya lissafa kai ƙara da neman fatawa cikin wuraren da ambaton aibin mutum ba ya zama giba. Amma dubi wurin wa ta je: wanda zai iya ba ta mafita. Tambayar da kika aiko ita ma tana cikin wannan babi, ba ki yi laifi ba. Zauren dangi kuwa akwai surukai, akwai jikoki, akwai yaran da ba abin da za su iya sai su raina kakansu. Sannan wanda ake magana a kai uba ne, wanda aka hana a ce masa ko da "tir" a Suratul Isra'i aya ta 23. Annabi Ibrahim yana yi wa mahaifinsa magana a kan shirka, wadda Alƙur'ani ya kira zalunci mai girma, amma a Suratu Maryam sau huɗu a jere yana cewa "ya babana".

Wannan ba yana nufin ku yi shiru ko ku ce ba a yi komai ba. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayar da adalci ko a kan iyaye ne. Yaya ya goge rubutun, ya je ya durƙusa ya nemi gafarar Baba, ya kuma janye maganar a zauren da ya yi ta. Bayan ƙura ta lafa, ku sami Baffa ko limamin unguwa ko wani aminin Baba da yake jin nauyinsa, a zauna a ɗakinsa ba a gaban matansa ba. A karanta masa hadisin Nu'umanu, a ce masa: "Baba, muna ganin an fifita wane a kanmu, kuma muna tsoron abin da zai shiga tsakaninmu a bayanka." Sai a saurari dalilinsa. Yana da hanya uku: ya janye kyautar, ko ya ba sauran kwatankwacinta gwargwadon hali ko da a hankali ne, ko manyanku su yafe da daɗin rai ba don kunya ba. Yafewar ƙananan da ba su balaga ba ba a lissafa ta.

Yaron nan da mahaifiyarsa kada a huce a kansu. Bai roƙa ba, bai ma san mene ne fili ba. 'Yan'uwan Annabi Yusuf da irin wannan magana suka fara, cewa babansu ya fi son Yusuf da ɗan'uwansa, kin kuma san inda ta kai su. In Baba ya ƙi gyarawa, biyayyarsa tana nan a kanku, kuma bai halatta wani ya ɗebi hatsi ko kuɗi a rumfa a ɓoye da sunan ramuwa ba.

In ya zaɓi ya ba kowa, Malik da Shafi'i da Abu Hanifa suna ganin a daidaita mace da namiji a kyauta, Ahmad kuma yana ganin a bi tsarin gado. Duk wanda ya bi cikin biyun ya fita, sai dai a rubuta a kafa shaidu, manya kuma kowa ya karɓi nasa a hannu tun Baba yana da rai da lafiya, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado.

Allah ne mafi sani.