Rafinmu zai iya kai ƙara kotu?

Tambaya: Ni manomi ne a wani ƙauye cikin Bukkuyum. Masu haƙar zinare suna wanke ƙasa a rafin da muke sha, ruwan ya koma ja, dabbobi suna ciwo. Ɗana ya ce a wasu ƙasashe kogi da kansa yana da haƙƙi a kotu. Mu fa?

Amsa: Malam, Allah ya kawo sauƙi. Ɗanka bai faɗi ƙarya ba. Ekwado ta sa haƙƙin halittu cikin tsarin mulkinta a 2008, a 2017 kuma Niyu Zilan ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a gaban doka, har da waliyyan da ke tsaya masa. Najeriya ba ta kai nan ba. Rafinku ba zai shigar da ƙara da sunansa ba, ku za ku shigar.

Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, sai dai yana babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta shi kai tsaye. Shi ya sa lauyoyi suke haɗa shi da sashe na 33, haƙƙin rayuwa, da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan adam, mai magana kan muhalli mai kyau. A 2018 Kotun Ƙoli ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta kai ƙara kan gurɓata ruwan jama'a. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta hana mai haƙa ɓata magudanar ruwa.

Ku fara da gano ko suna da lasisi. In suna da shi, akwai sunan da za a kama, ku nemi diyya da umarnin dakatarwa a Babbar Kotun Tarayya ta Gusau, don shari'ar ma'adinai tata ce. In babu, laifi ne, ku rubuta wa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, da ma'aikatar ma'adinai, da sa hannun mai gari. Kada ku je bakin rami ku yi musu da kowa, kun san halin da dajin yake ciki.

Abin da ya fi damuna yara ne. Gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta fito daga aikin zinare, ta kashe yara kusan 400. Ku kai yaranku asibiti a auna jininsu tun yanzu, ku ajiye takardun. Ruwan ma a bar ma'aikacin lafiya ya ɗiba da hannunsa, ya rubuta rana da wuri, don wanda kuka ɗibo da kanku lauyansu zai musa shi.