Anti, kusan shekara muna soyayya a waya amma ya ƙi zuwa gidanmu

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki bani shawara. Mun haɗu da wani a Facebook muka koma WhatsApp, kullum muna hira har tsakar dare, yana turo min kati da data, yace aurena zai yi, amma duk sanda nace yazo ya gaida Baba sai yace aiki ya masa yawa. Mama tace yaudara ce, ni kuma wallahi ina sonshi. Ya zanyi? Daga wata baiwar Allah, Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Bazan ce mayaudari bane tunda ban sanshi ba, amma maganar Mama kar ki yar da ita.

Kinga a da in saurayi yazo zance ƙofar gida yake tsayawa ya aiki yaro yace ana sallama da wance, a shimfiɗa tabarma a zaure, ƙanwa ta kawo ruwa ta ƙi tafiya, masu dawowa daga sallar isha'i duk sun ga fuskarshi, kafin sati ya zagayo wani kawu ya gano ɗan gidan waye, meye sana'arshi, yana sallah ko baya yi. Zuwan nan shi ke jawo bincike. Tunda GSM ta shigo Najeriya a 2001, aka yi yayin kiran dare na kyauta, aka yi 2go, yanzu ga WhatsApp da TikTok, zance ya bar zaure ya koma cikin ɗaki, ba mai shaida sai ku biyu. Ba laifin waya bane, akwai waɗanda suka haɗu a intanet suna zamansu lafiya, amma sai da namijin ya tako da ƙafarshi.

Kati da data ba alkawarin aure bane, mai tura miki zai iya tura wa mata biyar a dare ɗaya. Ki gaya mishi cikin mutunci Baba na son ganinshi, ki bashi wata ɗaya, ki rage hirar daren nan. In yazo yayyenki su binciki unguwarsu da wajen aikinshi, kuma kuyi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a Kano ma tun 2024 doka ce sai an gwada sikila da ƙanjamau da ciwon hanta kafin ɗaurin aure. In watan ya wuce yana ta kawo uzuri ki sanar da Mama ki daina ɗaga wayarshi, na san zai miki zafi, ki daure.