Sabar tana shanye batirin sola da dare

Malam, ka ce sabar Dell (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da ka saka a shagonka na kwamfuta a Samaru tana shanye batirin sola kafin asuba, kana tambaya ko ka riƙa kashe ta da dare. Kada ka yi gaggawa, fara leƙa BIOS, wato saitin tushe na na'urar, tukuna.

Danna F2 idan tana tashi, ka nemi System Profile. Sau da yawa na hannu da ake kawo mana a kan Performance suke, wato furosesa na ta gudu kamar ana korarsa, ko babu mai aiki. Mayar da System Profile ɗin Performance Per Watt, ka tabbata C-States a kunne suke, don furosesa ya riƙa gyangyaɗi in aiki ya lafa. Ta iDRAC, wato tsarin Dell na sa ido kan sabar, za ka ga wat nawa take ci nan take.

Ni dai ƙura ta fi damuna. Bayan hunturu na buɗe tawa a Sabon Gari, gabanta ya toshe kamar an cusa auduga, fankoki na ta ihu, su ma wuta suke sha. Ina hure ta, ƙarar ta sauka.

Faifan ajiya (hard disk) da ba ka amfani da shi kuma zare shi, mai juyawa kan ci wat 5 zuwa 10.