Ruwan madara ko shuɗi mai duhu?

Jiya ka ce Hajiyar unguwar Aboabo ta kasa zaɓar fentin ɗakinta tsakanin ruwan madara da shuɗi mai duhu, wanne za ka ce mata? Yaro, kafin ka buɗe baki, ƙirga tagogin ɗakin.

Ka san ɗakunan gidan haya na zango: taga ɗaya, ita ma tana kallon bangon maƙwabci. Fenti mai haske yana maido da hasken da ya sauka a kansa, mai duhu kuwa shanyewa yake yi. Ka shafe bango huɗu da shuɗin nan, da azahar ma sai an kunna ƙwai. Ranar da aka ɗauke wuta, fitilar caji ba za ta nuna mata inda ta ajiye carbi ba.

Za ta ce maka ai duhu yana ɓoye datti. Dattin hannun yara dai, wanda ke baƙanta madara a gefen ƙofa da wajen makunni. Amma bari hunturu ya shigo a Disamba, ƙurar nan ta kwanta a kan shuɗi, har suna kana iya rubutawa da yatsa. Kuma duk inda magini ya yi ha'inci a filasta, duhu mai sheƙi sai ya tona shi. Ina ɗan koyo kamarka na taɓa shafa shi a sabuwar filasta da ba ta yi mako 4 ba. Damina na sauka farin gishiri ya feso ko'ina, maigidana ya sa na kankare shi ni kaɗai.

Ga kuma aljihu. Madara shafa 2 ta wadatar, shuɗi sai 3, kuma gara ka fara shafa ruwan toka kafin shuɗin. Ranar da ta gaji da shi, mayar da bangon fari wani kuɗin ne.

In ranta na kan shuɗin, ba ta shi daga ƙasa zuwa ƙugu da fentin mai, wanda ake gogewa da tsumma, sama kuma madara da fentin ruwa. Kada ka sayi bokiti tukuna. Shafa kowanne kamu ɗaya kusa da taga, wani a lungun gado, ka bari ya bushe. Ta duba da hantsi, ta sake dubawa bayan isha'i, jibi ka koma ka ji.